Daga Jakara zuwa Wasai: Wa Ke Gwada Ruwan Mutanen Ƙauye?

Kogin Jakara ba dogo ba ne. Daga tsakiyar tsohon birnin Kano yake tasowa, gefen kasuwar Kurmi, ya ratsa Fagge, ya bi ta wajen titin filin jirgi, ya haɗu da rafin Getsi, sannan ya miƙa arewa maso gabas har ya zube a madatsar Wasai cikin ƙaramar hukumar Minjibir. An kammala madatsar a 1976, cikin jerin madatsun da aka ɗauko ginawa tun zamanin Audu Bako, domin noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. A wannan 'yar gajeriyar tafiya babu abin da kogin bai kwasa ba: ruwan kwatocin unguwanni, jini da ƙazantar mayankar Fagge, baƙin man garejoji, ruwan rini, sai kuma abin da Getsi ke kawo masa daga masana'antun Bompai. Birni ke wanka, ƙauye ke tarbar dauɗar.

A zamanin mulkin Kwankwaso na biyu aka ɗauko aikin rufe Jakara da kankare a cikin birni, a shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kai. Inda aikin ya kai, maƙwabtan kogin sun sami sauƙin wari. Sai dai rufe kwata daban, tace ta daban. Inda kankaren ya ƙare ruwan yana fitowa yadda ya shiga, kuma daga nan ne gonaki suke farawa.

Wanda ya bi gaɓar kogin da rani, daga wajen Kwakwaci ya gangara ta ƙasar Ungogo zuwa Minjibir, zai ga lambuna shar: latas, kabeji, alayyafo, karas, albasa, lansir. Injin ban-ruwa na kuka a bakin gaɓa, tiyo na aman ruwa baƙi mai kumfa, wata rana ja-ja, wata rana shuɗi-shuɗi, gwargwadon abin da aka zubo daga sama daren jiya. Mai lambu na tsaye ba takalmi, ruwan ya kai masa idon sawu, yana buɗe wannan fangali da fartanya yana toshe wancan. In ka yi masa maganar ruwan ba zai musa cewa yana wari ba, har ya nuna maka ƙaiƙayi da tsagewar ƙafarsa. Amma zai gaya maka abu biyu da za su ɗaure maka baki: ruwan ba ya ƙafewa ko a watan Afrilu, kuma yana ɗauke da taki, ba sai ya sayi buhun yuriya ba.

Wannan lissafi gadonsa ya yi. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya da Kano, ya rubuta tun a shekarun 1960 yadda ƙasar da ke kewaye da Kano, mai yashi-yashi, take ɗauke da ɗaruruwan mutane a kowane murabba'in kilomita, ana nome ta kowace damina ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne. Jaki ya shiga birni da itace ko ciyawa, ya komo da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. Abin da birni ya zubar arziki ne a gona, kuma shekaru aru-aru babu cuta a cikin wannan ciniki, don duk abin da birnin ke zubarwa mai ruɓewa ne. Yanzu tifa ce ke kai bola gona, kuma in aka baza ta za ka ga leda, matattun batura, gwangwanin fenti, kwalaben magani. Al'adar karɓa ba ta sauya ba. Kayan da ake miƙowa ne suka sauya, ba tare da an sanar da mai karɓar ba.

Haka abin yake a sana'ar jima. Majeman Kano da toka da bagaruwa suke aiki, kuma fatarsu ta yi sunan da har Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yi bayanin cinikinta. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa ce ake ƙetara Sahara da ita, a sayar a Turai da sunan fatar Maroko. Ruwan bagaruwa yana da wari, amma ƙasa tana cinye shi. Kamfanonin jima na zamani da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa kuwa da gishirin kuromiyam suke yi, kamar yadda ake jeme mafi yawan fatar duniya a yau, don ya fi sauri kuma fatar ta fi laushi. Fata ba ta shanye gishirin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita tare da ruwan wanki, haɗe da farar ƙasa da gishiri da sinadarin tuge gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Nau'in kuromiyam da ake jima da shi ba shi ne mafi muni ba, amma yana iya rikiɗewa zuwa nau'in da aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Kuma ƙarfe ba ya ruɓewa. Yakan kwanta a laka, ya shiga ƙasar lambu, ya hau ganye, ya taru a jikin kifi, ya tsiyaya a hankali cikin gajerun rijiyoyin da aka haƙa kusa da gaɓa.

Ba jiya aka san wannan ba. A 2003 Tony Binns da Roy Maconachie tare da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero suka wallafa bincike kan lambunan Jakara da Getsi, suka nuna gubar masana'antu a ruwan da ake ban-ruwa da shi. Kafin su da bayansu malamai da ɗalibai sun yi ta auna ruwa da laka da ganye da kifin wannan kwari, kuma sunaye uku ne ke ta maimaituwa: kuromiyam, dalma, kadmiyam. Abin takaicin shi ne inda sakamakon yake ƙarewa. Yakan tsaya a mujallun ilimi, da Turanci, ya zama digiri ga mai bincike. Mai rijiyar da aka ɗebi ruwanta a kwalba ba kasafai ake komawa a gaya masa abin da aka gani ba.

Shi kuwa ba shi da wata hanyar sani. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta babin ruwa a Ishmawi ko Risala ya san ma'auni uku da ake duba ruwa da su: launi, ɗanɗano, wari. In ɗayansu bai jirkita ba, ruwa na nan da tsarkinsa. Malamai hukuncin alwala da wanka suke bayani, ba su ce ga takardar asibiti ba, amma mu mun ɗauki ma'aunin nan mun shimfiɗa shi a kan randa. Uwar gida ta ɗebo da moɗa, ta ɗaga ta duba, ta shinshina, ta kurɓa. In garau ne, shi ke nan. Baƙin ruwan Jakara babu mai shan sa, don ido ya riga ya yi gargaɗi. Abin tsoron shi ne ruwan rijiyar da ke nesa kaɗan da gaɓa, wanda yashi ya tace masa launi da wari ya bar masa abin da ya narke a ciki. Dalma ba ta da ɗanɗano a ruwa. Fuloraid ba shi da launi. Naitiret ba ya wari.

Adadin da ake magana a kai ma ba abin da ido zai kama ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 cikin lita, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05, fuloraid 1.5, naitiret 50. Na dalmar nan, in aka juya shi zuwa ma'aunin 'yan ga-ruwa, giram ɗaya tak ne a cikin jarka 4,000 masu cin lita 25. Kuma dabarun da aka koya mana duk na wani yaƙin ne. Tace ruwa da ƙyalle ya taimaka wajen korar kurkunu, har aka tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da shi. Alimun yana kwantar da laka. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifod. Amma ka tafasa ruwa mai dalma ko naitiret, ruwan ne zai ragu ya tafi a tururi, gubar ta ƙara kauri a abin da ya saura. Abu ɗaya ne ke tona asirin irin wannan ruwa: gwaji a ɗakin bincike. Gwaji kuwa kuɗi yake bi.

Dubi wake. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda an yi ta samun daikulobos a jikinsa, sinadarin nan da ake haɗa fiya-fiya da shi, fiye da miligiram 0.01 a kilo da dokarsu ta yarda. Maganar ta girgiza fatake har a kasuwar Dawanau, aka yi taruka, aka kafa kwamitoci. A wannan shekarar kuma Turai ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in mugun nau'in kuromiyam ɗin nan ya kai miligiram 3 a kilo. Wato fatar da aka jeme a Kano, kafin ta zama takalmi a ƙafar ɗan Italiya ko Sifaniya, sai an auna ta. Waken da aka noma a Bichi ko Ɗambatta, kafin ya shiga tukunyar Bature, sai an auna shi. Ruwan da aka wanke fatar da shi, da rijiyar manomin da ya noma waken, su ne ba su da mai aunawa. Na'urar tana nan, masu ilimin suna nan. Abin da ya bambanta shi ne wane ne zai sha.

Kada kuma a ɗora wa birni komai. Ƙauyen da ke can Kunchi ko Tsanyawa ko Makoɗa, wanda ruwan Bompai ba ya zuwa ko kusa da shi, yana da tasa gubar da yake sayowa da kuɗinsa ranar kasuwa. Cikin shekarun nan maganin feshi ya ƙwace wa fartanya rabin aikinta, don ɗan ƙwadago ya yi tsada, matasa sun tafi birni. Da farkon damina za ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyar goye da famfon feshi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, rigarsa jiƙe da abin da ke ɗiga daga murfi. A bakin kududdufi ya haɗa maganin, don nan ruwa yake. Da murfin kwalba ya auna, ya ƙara kaɗan don ya fi ci. In ya gama, a nan zai ɗauraye famfon, a gefen da shanu ke sha, mata ke wanki, yara ke iyo. Kwalbar kuma ba za a yar ba. Tana da murfi mai kyau, za ta zama buta, ko gorar ruwan tafiya gona, ko mazubin man gyaɗa. Shuɗayen durom ɗin da ake tara ruwa a ciki a gidaje da yawa, sinadarai aka shigo da su a ciki tun farko.

Atirazin, ɗaya daga cikin magungunan ciyawar da aka fi fesa wa masara da dawa, sananne ne wajen nutsewa ya kai ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dalilin da Turai ta hana shi ke nan tun 2004. NAFDAC ta sanar da hana wani maganin ciyawar, farakwat, daga farkon 2024, atirazin daga farkon 2025. Sanarwa a Abuja abu ne mai kyau. Mai tebur a kasuwar ƙauye, wanda ke tsiyaya magani a ƙananan robobi ba suna ba takarda, shi ne hukumar da manomi ya sani.

Sai matsalar da cunkoso kansa ya haifar. Gidan da kaka ya gina da rijiya a wannan kusurwa, shadda a waccan, yanzu an raba shi gida huɗu, kowa ya haƙa tasa shaddar, rijiyar tana nan inda take. Ga turken dabbobi a gefe, ga takin zamani a gonar bayan gida. Duk waɗannan naitiret suke zubawa cikin ƙasa. Babba yakan sha bai ji komai ba, amma jariri ɗan wata biyu ko uku da aka ɗura wa ruwan, ko aka dama masa madara da shi, jininsa kan kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓɓansa su yi duhu. Ungozoma za ta kira abin da wani suna.

Za a ce to a haƙa burtsatse, a wuce duk wannan. Gaskiya ne ruwa mai zurfi ya fi tsira daga shadda da feshi, kuma famfon tuƙa-tuƙa da tankin sola sun ceci rayuka ba adadi. Amma mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, suna da labarin da ya kamata kowane mai haƙa rijiya a ƙasar Hausa ya sani. A 1985 kamfanin ruwa na gwamnatin Nijar ya haɗa garin da wata rijiya mai zurfi. Ruwa garau, aka yi murna. Shekara goma sha biyar ana sha, yara suna tasowa da haƙora ja, ƙafafu a lanƙwashe, wasu kai ya yi girma, wasu ba sa iya tsayuwa. Iyaye suka yi ta zagaye tsakanin asibiti da masu magani. Da aka auna, fuloraid ɗin ruwan ya ninka iyakar Hukumar Lafiya fiye da sau uku. Babu masana'antar da ta zuba shi. Daga dutsen ƙarƙashin ƙasa yake. Dubban yara abin ya shafa, kuma a 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH tare da takwararta ta Nijar, ANDDH, suka fitar da rahoto a kai. Ƙashin da ya lanƙwashe a yarinta ba ya miƙewa don an sauya famfo. A Najeriya ma an san jajayen haƙoran fuloraid a Langtang da Kaltungo. Gwajin da zai nuna shi ba ya cin ko kuɗin buhun simintin dakalin famfo.

Yanzu a duba yadda ake haƙa burtsatse a ƙauyukanmu. Ɗan majalisa ya kawo, ko wata gidauniya, ko attajiri ya yi wa mahaifinsa sadaka mai gudana, Allah Ya saka musu. Mota ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya feso, aka yi kabbara, aka kafa allo. A jikin allon akwai sunan wanda ya bayar, da shekara, wani lokaci har da hotonsa. Abin da ke cikin ruwan ne kawai ba a rubutawa.

Ko da ruwa ɗaya aka ba mutum biyu, ba cuta ɗaya za ta same su ba. Yaro yana shanye dalmar da ta shiga cikinsa ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma yaron da jininsa ya yi ƙaranci, ko ba ya samun madara da kifi, ya fi shanyewa. Fuloraid ma ya fi lanƙwasa ƙashin da ba ya samun abin gina shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma kowa ya san a wane ɓangare na jihar suka fi yawa. Manomin da ke sharar gona a zafin bazara yana shan ruwa ninkin na mai zaman ofis, daga rijiya ɗaya, shekara da shekaru. Mai hali a unguwar Nasarawa yana da burtsatsensa, da na'urar tacewa a kicin, da katan ɗin ruwan gora. In ya ji shakka ya aika da kwalba ɗakin gwaji. Talakan birni aƙalla yana da fiya wata mai lambar NAFDAC, ta gaske ko ta bogi. Na ƙauye yana da abin da guga ta jawo.

In ciwo ya zo, bambancin sai ya ƙara faɗi. Ƙaramin asibitin ƙauye yana da gwajin maleriya, wataƙila da na taifod. Duk wanda ya zo da ciwon ciki da kasala da ciwon kai, amsar da zai ji ita ce: “Baba, maleriya ce da taifod.” Ba laifin ma'aikacin ba ne; da abin da ke kan teburinsa yake aiki. Yaron da dalma ta daƙushe wa ƙwaƙwalwa ba ya zuwa asibiti ma sam. A makaranta za a ce daƙiƙi ne, a gida a ce ƙiriniya, in ya fara farfaɗiya a ce iska. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara suna ta mutuwa ana cewa zazzaɓi ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka aika da jini Turai, sannan aka gane dalma ce daga dutsen zinariyar da ake daka a tsakar gida, ake wankewa a kududdufai. Yara fiye da 400 suka rasu. Bagega, inda abin ya fi yawa, ba a fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kwarmato kan kuɗin aikin da aka yi alkawari. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wannan guba ce mai kisa cikin makonni, amma sai da baƙi suka gano ta. Ina ga wadda ke ɗaukar shekara ashirin?

Ciwon ƙoda shi ne abin da mutane suka fi dangantawa da ruwa a yanzu. A Gashuwa da Haɗeja yawansa ya kai har gwamnatoci sun sa masana bincike, kuma ruwan sha da maganin feshi da ƙarafa suna cikin abubuwan da ake tuhuma, tare da hawan jini, da ciwon suga, da shan magungunan kashe ciwo barkatai, da zafin rana. Ba a yanke hukunci kan dalili ɗaya ba tukuna, kuma bai kamata a riga malamai faɗa ba. Abin da ba ya buƙatar bincike shi ne abin da ke biyo baya. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, kowane zama dubban nairori masu yawa, kuma injinan suna manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Mutumin Gabasawa zai sayar da tumaki, sannan saniya, sannan ya jinginar da gona, sannan a dawo da shi gida.

Dole a faɗi gaskiya: a yau gudawa da kwalara sun fi sinadarai kashe yaran ƙauye, nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya tsorata mutane suka bar burtsatse suka koma kududdufi ya cuce su. Amma akwai dalilin da ya sa kwalara ke samun motocin agaji da sanarwar rediyo cikin kwana biyu. Tana da gaggawa, tana da suna, kuma tana iya shiga birni ta kama ɗan kowa. Gubar sinadari tana zaune inda aka zuba ta. Ko da yake ba duka ba: latas da kabejin gaɓar Jakara a kasuwar 'Yankaba ake sauke su, daga nan su shiga kwanon salak na gidajen da ba su taɓa jin sunan Wasai ba.

Doka ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, sannan hukumar NESREA ta zo a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da masaƙu a 2009, waɗanda suka wajabta wa kamfani tace ruwansa kafin ya sake shi. Akwai ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa tun 2007, aka sabunta shi a 2015. A Nuwamban 2018 Shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta. An sha yin shelar gina matatar bai-ɗaya ga ruwan masana'antun Kano. Duk da haka, wanda ya tsaya a bakin Getsi hancinsa zai ba shi rahoto. Hukumar ruwa ta jiha tana auna abin da ke fita daga matatunta na Tamburawa da Challawa da Watari. NAFDAC tana bin masu ruwan leda da na gora. Rijiyar gida da burtsatsen sadaka, inda mafi yawan mutanen karkara ke sha, sun faɗa tsakanin hukumomi. Ko a Amurka haka abin ya kasance a Flint, gari mai yawan baƙar fata da talakawa: daga 2014 mutane na kukan ruwa ana ce musu lafiya lau ne, sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da alƙaluman dalma a jinin yara a 2015 kafin hukuma ta amsa. Bambancin shi ne can akwai alƙaluman jinin da za a fito da su.

Ni ban ga hikimar kiran a rufe kamfanonin jima ba. Kano ta riga ta yi asarar masana'antu da yawa saboda rashin wuta, kuma 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne ke aiki a sauran. Akwai dabarar da aka daɗe ana amfani da ita a Indiya da wasu ƙasashe, ta kama kuromiyam daga ruwan jima a mayar da shi cikin aiki, har kamfani ya rage kuɗin sayen sabo. Abin da ke hana ta shi ne zubarwa a kwata kyauta ne. Ranar da zubarwa ta fi tacewa tsada, za a tace. Haka kuma ba za a ce wa mai lambu ya bar ruwan Jakara ba tare da an nuna masa wani ba. Yunwar bana ta fi kusa da shi fiye da ciwon shekara goma masu zuwa.

Abin da ya fi sauƙi, kuma ya fi gaggawa, shi ne a fara aunawa a kuma faɗa wa mutane da Hausa. Hukumar ruwan karkara ta jiha tana iya shar'anta cewa ba za a miƙa burtsatse ga jama'a ba, ko na gwamnati ko na sadaka, sai an gwada fuloraid da naitiret da ƙarafa, an rubuta sakamakon a allon. Rijiyoyin da ke kwarin Jakara da kewayen Wasai su ne na farko, kuma a ƙarshen rani ya kamata a ɗiba, lokacin da ruwa ya ja baya, abin da ke ciki ya fi kauri. Bangaladash ta bi wannan hanya bisa tilas. Miliyoyin famfunan da aka kafa mata tun shekarun 1970 don tserar da yara daga gudawa, a 1993 aka tabbatar da yawansu na ɗauke da arsenik, kuma miliyoyin mutane sun riga sun sha. Sai aka bi famfo-famfo ana gwadawa, mai kyau a shafa masa koren fenti, mai guba ja. Inda koren famfo yake kusa, gidaje da yawa sun koma can. Inda babu, mata sun ci gaba da ɗiba daga jan, suna sane, don tulu ba zai koma gida wayam ba. Ƙauyukan Minjibir da Gezawa da yawa famfo ɗaya gare su. Duk kasafin da za a ware wa gwaji a can, sai a ware na haƙa rijiya ta biyu a gefensa.